Fuskar Talaka a Shafin Littafi: Zane da Labari a Ingila ta Ƙarni na 19

A shekarar 1836, kamfanin ɗab'i na Chapman da Hall da ke Landan ya nemi wani matashin ɗan jarida, Charles Dickens, ya rubuta gajerun labarai da za su raka zane-zanen Robert Seymour. Zane ne uban tafiya, rubutu ɗan rakiya. Daga nan aka samu littafin The Pickwick Papers, wanda ake sayarwa kashi-kashi duk wata a kan sule ɗaya. Na fara da wannan ne domin in nuna cewa a wancan zamani zanen cikin littafi yana da matsayi babba a idon mai saye da mai sayarwa.

Dalilin haka a fili yake. Ma'aikata da dama ba su iya karatu ba, sai dai wani ya karanta su saurara. Amma zanen da aka kafa a tagar kantin littattafai, kowa na iya tsayawa ya kalla ba tare da ya biya ko anini ba.

Dokar Matalauta ta 1834 ta tura mabuƙata gidajen aikin tilas, inda abinci ba ya isa. Da Dickens ya fara fitar da Oliver Twist a 1837, George Cruikshank ya zana maraya Oliver riƙe da kwanonsa yana roƙon ƙarin kunu, mai rabon abinci kuwa ya zaro ido kamar an yi saɓo. A Disambar 1869 kuma, fitowar farko ta mujallar The Graphic ta ɗauko zanen Luke Fildes na marasa matsuguni, sun yi layi cikin sanyi suna jiran takardar samun wurin kwana. A ganina, aikin da waɗannan zane-zane suka yi shi ne shigar da fuskar talaka cikin ɗakunan masu hali, inda ƙafarsa ba ta isa ta taka ba. Gani ya kori ji.

Sai dai hannun da ya jawo wa Oliver tausayi shi ne ya zana Fagin, Bayahuden da ke koya wa yara sane, da ƙugiyar hanci da mugun kallo, daidai da tsohuwar ƙiyayyar da Turai ke yi wa Yahudawa. Wannan kama ta yi tsawon rai, domin da aka mayar da littafin fim a 1948, ita aka bi wajen yi wa ɗan wasa Alec Guinness kwalliya, lamarin da ya tayar da ƙura.

Saboda haka nake ganin wajibi ne mai nazarin adabin wancan ƙarni ya bi zanen da idon basira kamar yadda yake bin rubutun. Mai karatu kan manta jimla, amma fuskar da aka nuna masa takan zauna, kuma da ita yake auna mutanen da bai taɓa haɗuwa da su ba.