Daiquirí: Tarihin Haɗin Barasar Rake na Ƙasar Kyuba

Daiquirí haɗin abin sha ne mai sa maye wanda ya samo asali a gabashin tsibirin Kyuba a ƙarshen ƙarni na 19. Abu uku ake haɗawa: farar barasar rake da ake kira rom, da ruwan lemun tsami, da sukari, sannan a kaɗa su da ƙanƙara har su yi sanyi. Ya ci sunan wani ƙauye ne na bakin teku kusa da birnin Santiago de Cuba, inda ake haƙar tama a wancan lokaci. Shi da mojito da Cuba Libre su ne abubuwan sha uku da aka fi sanin Kyuba da su a duniya. Talakawan tsibirin sun daɗe suna shan irin wannan haɗi kafin a raɗa masa suna. Tacacciyar rom da ƙanƙara da kuɗin Amurkawa ne suka fito da shi daga gonakin rake zuwa manyan mashayu.

Rake da bauta

Columbus ne ya kawo rake yankin Karebiyan daga tsibiran Canary a tafiyarsa ta biyu, a 1493. Nomansa bai bunƙasa sosai a Kyuba ba sai bayan 1791, lokacin da bayin Saint-Domingue, wato Haiti ta yau, suka yi bore, sana'ar sukari ta can ta durƙushe. Kyuba ta gaji kasuwar, har ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da sukari a ƙarni na 19. Masu wannan aiki bayi ne da aka kwaso daga Afirka: Yarbawa da ake kira Lucumí a can, da mutanen yankin Kalaba da ake kira Carabalí, da na ƙasar Kwango. Sai a 1886 aka soke bauta a tsibirin.

Idan aka dafa ruwan rake aka fitar da sukari, akwai wani baƙin ruwa mai kauri da ke saura. Shi ake bari ya tsima, a ɗora a wuta, a tara tururinsa ya koma ruwa. Abin da ke fitowa shi ne aguardiente, barasa mai kaifi da ƙarfin wari, kusan irin ogogoro na kudancin Najeriya. Ita ce abin shan bayi da leburori da matuƙan jirgin ruwa, kuma don a kashe mata kaifi akan matsa lemun tsami a zuba zuma. Wannan haɗi shi ake kira canchánchara. Ana danganta shi da mambises, mayaƙan sunƙuru da suka yaƙi Sifaniya daga 1868 zuwa 1878, da kuma daga 1895 zuwa 1898, waɗanda ke shansa a daji don maganin sanyi da gajiya. Har yau ana sayar da shi cikin ƙananan kofunan yumɓu a garin Trinidad.

Farar rom da ƙanƙara

A ranar 4 ga Fabrairu 1862, wani ɗan kasuwa daga yankin Kataloniya na Sifaniya mai suna Facundo Bacardí Massó ya kafa matatar barasa a Santiago de Cuba. Yakan zaɓi yis ɗin da zai tsima ruwan da shi, ya tace barasar da gawayi, ya ajiye ta cikin gangunan katako ta daɗe. Da haka ya samu rom mai sauƙin sha da ƙamshi kaɗan, wadda masu hali ba sa jin kunyar ɗorawa a teburinsu. Ita kuwa ƙanƙara, tun farkon ƙarni na 19 wani ɗan Boston mai suna Frederic Tudor ya fara yanko ta daga daskararrun tafkuna yana kai wa Havana a jirgin ruwa, daga baya aka kafa injinan yin ta a tsibirin.

Mahaƙar tama da raɗin suna

Labarin da ya fi yaɗuwa yana jingina ƙirƙirar abin shan ga Jennings Cox, injiniya ɗan Amurka da ke aiki a mahaƙar tama ta Daiquirí wajajen 1898. An ce baƙi ya yi, barasar da ya saba ba su ta ƙare, sai ya haɗa musu rom ɗin Bacardí da lemun tsami da sukari da ƙanƙara. Masu bin tarihin abin sha suna ganin abin da Cox ya yi shi ne daidaita awo da ba da suna, tunda haɗin kansa tsoho ne a yankin. Ko sojojin ruwan Birtaniya sun daɗe suna sirka rom da ruwa tun umarnin Admiral Edward Vernon na 1740, daga baya suka ƙara lemun tsami.

Shekarar 1898 ta zo daidai da wani babban sauyi. A gaɓar Daiquirí ɗin nan sojojin Amurka suka sauka ranar 22 ga Yuni 1898 a yaƙinsu da Sifaniya, yaƙin da ya kawo ƙarshen mulkin Sifaniya ya kuma jefa Kyuba ƙarƙashin inuwar Amurka. A 1909 wani likitan sojan ruwan Amurka, Lucius W. Johnson, ya ɗanɗani abin shan a Kyuba, ya kai shi kulob ɗin hafsoshi na Army and Navy Club a birnin Washington. Daga can ya bazu, har F. Scott Fitzgerald ya ambace shi a littafinsa na This Side of Paradise a 1920.

El Floridita da zamanin haramci

Daga 1920 zuwa 1933 doka ta haramta sayar da barasa a Amurka. Havana kuwa tafiyar dare ɗaya ce a jirgin ruwa daga Florida, sai masu kuɗi suka riƙa kwarara can. Sana'ar haɗa abin sha ta samu daraja, masu yin ta, da ake kira cantineros, suka kafa ƙungiyarsu ta Club de Cantineros a 1924.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Constantino Ribalaigua Vert, shi ma ɗan Kataloniya, wanda ya fara aiki a mashayar El Floridita a 1914 ya mallake ta a 1918. Ya tsara daiquirí iri-iri ya ba kowanne lamba. Wanda ya fi karɓuwa shi ne wanda ake niƙa ƙanƙararsa da injin markaɗe ta yi laushi, a ɗiga masa maraschino, wata barasar 'ya'yan itace. Marubuci Ernest Hemingway, wanda ya zauna a gidansa na Finca Vigía a wajen Havana daga 1939 zuwa 1960, ya mai da El Floridita wurin zamansa. Nasa haɗin ba a sa masa sukari, ana ninka rom a ƙara ruwan garehul, ana kuma kiransa Papa Doble. Tun 2003 akwai mutum-mutuminsa na tagulla jingine da kantar mashayar, aikin José Villa Soberón.

Bayan juyin juya hali

Gwamnatin Fidel Castro da ta hau mulki a 1959 ta ƙwace kamfanonin barasa a 1960. Iyalan Bacardí, da yake suna da matatu a Meziko da Puerto Rico tun shekarun 1930, suka fice da sunan kamfaninsu. Gwamnati ta riƙe Havana Club, tambarin da iyalan Arechabala na garin Cárdenas suka fito da shi a 1934, kuma a 1993 ta haɗa gwiwa da kamfanin Faransa na Pernod Ricard don sayar da shi a duniya. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1962 ya hana rom ɗin Kyuba shiga kasuwarta, shi ya sa Havana Club da ake sayarwa a Amurka na Bacardí ne, a Puerto Rico ake yin sa, an kuma daɗe ana shari'a kan sunan. A wannan tsakani daiquirí ya rikiɗe a ƙasashen waje: aka cika shi da zaƙi da 'ya'yan itace kamar ayaba da mangwaro, har da nau'in da ba a sa masa barasa. Awon da ƙungiyar masu haɗa abin sha ta duniya ta amince da shi dai bai wuce mililita 60 na rom, da 20 na lemun tsami, da ƙaramin cokali biyu na sukari ba.

Matsayinsa a yau

Bayan rugujewar Tarayyar Sobiyet a 1991 Kyuba ta koma dogaro da yawon buɗe ido, El Floridita ta zama wurin da baƙi ba sa tsallakewa. A 2022 hukumar UNESCO ta sa ilimin ƙwararrun masu haɗa farar rom, maestros roneros, cikin jerin al'adun gado na duniya. Ilimi ne da ake koya daga ubangida zuwa almajiri shekara da shekaru: sanin wace ganga ta nuna, da yadda ake gauraya tsohuwar rom da sabuwa.

Babbar barazanar da ke gaban sana'ar ita ce ƙarancin rake. Ƙa'idar ƙasar ta ce ba a kiran rom ta Kyuba sai an yi ta da raken da aka noma a tsibirin. Amma ƙasar da ta riƙa samar da tan miliyan 8 na sukari a shekara a ƙarshen shekarun 1980 ta rufe kusan rabin masana'antunta a 2002, kuma abin da take samu a 'yan shekarun nan shi ne mafi ƙaranci cikin sama da shekara 100.