Mahaɗin da ake latsawa a saƙon imel: tarihinsa da tafiyarsa a Khartoum da Omdurman

Mahaɗi shi ne adireshin shafin intanet da ke bayyana a cikin saƙo, galibi da launin shuɗi da layi a ƙasansa, wanda in aka latsa shi sai shafin ya buɗe. Ta hanya biyu ake samar da shi a imel. Ko dai mai aikawa ya ɗaura adireshin a jikin wata kalma, ko kuma manhajar mai karɓa ta leƙa rubutun, ta gane adireshin da kanta, ta mai da shi abin latsawa. A Sudan, aikin wannan ƙaramar dabara ya rataya ne a kan rubutun Larabci, da takunkumin Amurka, da kuma yanke intanet da hukumomi suka sha yi.

Asali

Imel ya girmi shafukan intanet da kusan shekara ashirin. Ray Tomlinson ne ya fara aika saƙo tsakanin kwamfutoci da alamar @ a 1971, shi kuwa Tim Berners-Lee sai a 1989 ya gabatar da tsarin shafukan a cibiyar CERN ta Geneva. Saƙonnin farko rubutu ne zalla, don haka wanda aka turo wa adireshi dole ya kwafe shi ya kai manhajar buɗe shafuka. A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fitar da tsarin MIME, wanda ya ba saƙo damar ɗaukar hoto da murya da rubutu mai ado. Daga nan hanya ta buɗe aka soma rubuta imel da HTML, harshen da ake gina shafuka da shi. Hotmail, wanda aka ƙaddamar a Yulin 1996, a cikin shafin intanet ake karanta shi, kuma adireshinsa da yake maƙalawa a ƙasan kowane saƙo na cikin abubuwan da suka yaɗa shi a duniya.

Wahalar gane iyakar adireshi

Farkon adireshi ba ya ɓuya, tunda yakan soma da http ko www. Ƙarshensa ne ke rikita manhaja: aya ko waƙafin da ya biyo baya na cikin adireshin ne, ko na jimla? Ga kuma manhajojin da, masu karya layi in ya haura harafi saba'in da 'yan kai, sai dogon adireshi ya rabe biyu, rabin farko ya yi shuɗi, in an latsa shi ya kai mutum shafin da babu shi. Ƙa'idar RFC 1738 ta Disambar 1994 ta ba da shawarar a kewaye adireshi da alamun < da >, kuma RFC 3986 ta 2005 ta maimaita hakan. TinyURL, wanda Kevin Gilbertson ya kafa a 2002, ya bi wata hanyar, ta gajarce adireshin yadda zai shiga layi guda.

Shigowa Sudan

An kafa kamfanin sadarwa na Sudatel a 1993, an ba ƙasar lambar yankinta ta .sd a 1997, kuma a ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Sudanet ya fara sayar wa jama'a intanet ta layin tarho a Khartoum. Mafi yawan mutane a shagunan intanet suka fara buɗe akwatin Hotmail ko Yahoo, musamman ɗalibai, da iyalan da ke da 'yan uwa masu aiki a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa. Ɗaliban Najeriya da Nijar da ke Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa su ma ta wannan hanya suka riƙa sada zumunci da gida.

Larabci da adireshi

Asalin tsarin adireshi haruffan boko na Turanci kaɗai ya sani. Duk wani harafi daban sai an sauya shi zuwa lambobi da alamar %. Harafin س yakan koma %D8%B3, wato harafi ɗaya ya zama alama shida, kalmar سودان kuwa ta zama talatin. Shi ya sa adireshin labarin jaridar Larabci kan cika layi uku ko huɗu in aka liƙa shi a saƙo. Hausa ma haka abin yake, domin ƙ takan koma %C6%99. Bayan wannan, Larabci daga dama yake tafiya, adireshi kuma daga hagu, sai sassansa su bayyana a juye a kan allo, ko waƙafin Larabci ya manne da shi.

A Mayun 2010 hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet ta shigar da sunayen ƙasashe na farko da rubutun Larabci, na Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Daga baya Sudan ta sami nata, سودان, a hannun ƙungiyar Sudan Internet Society mai kula da .sd a lokacin. A cikin na'ura ana rubuta shi xn--mgbpl2fh.

Takunkumi da leƙen asiri

A Nuwamban 1997 Shugaba Bill Clinton ya ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki. Kamfanonin Amurka da dama suka toshe masu shiga daga Sudan, ta yadda mahaɗin sauke manhaja ko na kwas ɗin karatu kan ƙare a shafin da ke cewa ba a yi wa ƙasar wannan hidima. An sassauta kan kayan sadarwar mutane a Fabrairun 2015, aka ɗage takunkumin ciniki a Oktoban 2017.

Mahaɗin HTML yana iya nuna suna ɗaya ya kai mutum wani wurin, kuma da wannan 'yan damfara ke satar kalmar sirri. Sudan ta yi dokar laifukan kwamfuta a 2007. Takardun kamfanin Hacking Team na Italiya da aka fallasa a Yulin 2015 sun nuna hukumar leƙen asirin Sudan na cikin masu sayen manhajarsa ta leƙen asiri, wadda akan cusa wa na'ura ta mahaɗi ko fayil a cikin saƙo.

Yanke intanet

An katse intanet a lokacin zanga-zangar Satumban 2013. Bayan tarwatsa zaman dirshan na masu zanga-zanga a gaban hedikwatar soja ranar 3 ga Yunin 2019, intanet ɗin wayar hannu ya ɗauke har 9 ga Yuli. Lauya Abdelazim Hassan ya kai ƙara kotu ya yi nasara, amma da farko layinsa kaɗai aka mayar. An sake yankewa na fiye da mako uku bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya kai ga ɗaukewar layuka a yawancin ƙasar a Fabrairun 2024, har mutanen Omdurman suka koma taruwa a wuraren da ke da na'urar Starlink don karɓar kuɗi ta Bankak, manhajar Bankin Khartoum.

A yau yawancin mahaɗai ta WhatsApp da Facebook suke yawo a Sudan, imel kuma ya fi zama na jami'o'i da bankuna da ƙungiyoyin agaji. Matsalar gane adireshi ta biyo su can: manhajoji da yawa har yanzu ba sa mai da adireshin da ya ƙare da sunan Larabci abin latsawa sai an sa masa http a farko. Gyara wannan na cikin dalilan da suka sa aka kafa kwamitin UASG a 2015 da tallafin ICANN.