Hular kwano

Hular kwano kariya ce da masu babur ke sawa a kai domin ta shanye ƙarfin bugu idan an yi hatsari. Hawa biyu gare ta. Ɓawon waje mai tauri yana baza bugun ya watsu, kada ya taru wuri guda. Soson da ke ciki kuma shi ne mai babban aiki: yana murƙushewa a hankali, sai kai ya tsaya cikin ɗan lokaci mai tsawo maimakon farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta tsira daga dukan ƙoƙon kai. Soson da ya murƙushe ba ya komawa daidai, shi ya sa ake sauya hular da ta taɓa shan mummunan bugu.

Gudu ne babbar matsala: in an ninka shi biyu, ƙarfin karo ya ninku huɗu. Wannan ya shafi 'yan acaɓa a Mile 2 ta Legas, da yawansu 'yan Arewa, inda titin Badagry ya haɗu da na Apapa zuwa Oshodi, tankoki da tireloli na kai-komo.

Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, ta tilasta sa hular daga 1 ga Janairun 2009. Wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu, alhali ƙwarya fashewa kawai take yi.