Gajerun Kalmomi Masu Ma'anoni Jingim: Nazari a Kan Ingilishin Yau da Kullum

Wannan maƙala ta duba wani abu da malaman Ingilishi suka daɗe suna gani a aji. Ɗalibi kan haddace doguwar kalma irin "photosynthesis" ya yi aiki da ita daidai, amma 'yar kalma mai haruffa uku irin "run" ta sa shi tuntuɓe. Kalmar kimiyya ma'ana ɗaya gare ta. Gajeruwar kuwa, saboda yawan yawo a bakin jama'a, ma'anoni ta tara jingim.

A bugu na biyu na babban ƙamus ɗin Oxford, wanda ya fito a 1989, kalmar "set" ce kan gaba da ma'anoni 430 a matsayin aikatau. Da ɗaya daga cikin editocin ƙamus ɗin, Peter Gilliver, ya sake bin diddigin "run", sai aka sanar a 2011 cewa ta kai 645. Idan Bature ya ce "she runs", gudu yake nufi. "She runs a shop" kuwa shago take tafiyarwa. Mai "run for governor" takarar gwamna ya tsaya, direban da ya "run out of fuel" mai ne ya ƙare masa, yaron da hancinsa ke "running" kuma majina ce ke zuba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Yana cin tuwo, yana cin jarrabawa, yana cin bashi, ana cin amana, kasuwa ma tana ci. Abin takaici shi ne ba kasafai ake nuna wa ɗalibi cewa dabarar da yake gane "ci" da ita, wato duba kalmomin da ke maƙwabtaka da ita, ita ce zai fuskanci "run" da ita ba.

Zamani ma yana juya ma'ana. "Nice" ta samo asali daga kalmar Latin "nescius", wato marar sani, kuma wajajen 1300 wawa take nufi.

Haka ma wuri yake juya ma'ana. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 daga Ingilishin Najeriya, har da "Kannywood". A cikinsu akwai "severally", wadda a Ingila ke nufin kowane daban, amma a jaridun Legas da Abuja take nufin sau da dama. Mai gyaran jarrabawa da ya ja mata jan biro sai ya fara tantance wane Ingilishi yake aunawa.

Tun a 1953 Michael West ya wallafa jerin kalmomi kusan 2,000 da aka fi amfani da su, tare da kason yawan aukuwar kowace ma'ana. Littattafan da ke jera kalma da fassara guda tak sun bar wannan hanya, kuma ɗalibi ne ke ɗanɗana kuɗarsa a ɗakin jarrabawa.