Ƙaro, Laka da Ƙuncin Nanomita

Duk wanda ya ratsa fadamar Nguru da rani ya ga yadda laka ke tsattsagewa, damina na sauka kuma ta kumbura ta haɗe. Dalilin yana cikin ƙwayar lakar: faifai ne sirara a jere, kaurin kowanne kusan nanomita 1, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Ruwa da ayon, ƙwayoyin gishiri masu caji, su ke kutsawa tsakanin faifan su buɗa su.

Cikin wannan ƙunci masana ke cusa folima, dogayen sarƙoƙin da ake yin roba da su. A tunanin kowa, abin da aka matse motsinsa raguwa zai yi. Ba kullum ba ne. A 1973 Peter Wright da abokan aikinsa a Shafil ta Ingila suka nuna cewa folimar PEO tana ba ayon hanya, amma sai zafi ya haura digiri 60. Ƙasa da haka sarƙoƙinta kan jeru su sandare, hanya ta toshe. A shekarun 1990 masu bincike a Madrid da Jami'ar Cornell ta Amurka suka shigar da ita tsakanin faifan laka. A can babu filin jeruwa, saboda haka ba ta sandarewa, ayon kuwa na samun wucewa ko ba zafi. Amma inda bango ya riƙe sarƙar gam, motsi ja da baya yake yi. Ashe halin bangon ma abin dubawa ne.

Ƙaron da ake tsinta a jikin dakwara a dazukan Dapchi da Gashuwa folima ce ta halitta, mai ɗauke da kalsiyam da magnesiyam da fotasiyam. Almajirin da ke dama shi da baƙin tukunya ya yi tawada yana cin moriyar halin wannan folima: ƙaron ke lulluɓe kowace ƙwayar baƙi, ya hana su dunƙulewa, ya manna su a allo.

Sai dai kada a yi gaggawar alkawarin cewa ƙaro da laka za su ba ayon hanya irin wadda batir ke buƙata. Ƙwayar ƙaro babba ce mai rassa, shigarta tsakanin faifan laka ba za ta zo da sauƙin PEO ba. Awo ne kawai zai raba gardama. Ga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, ga tashar binciken ƙaro a gari ɗaya. Ya kamata su haɗa hannu su fara wannan awo.