Haruna Dula, mai horon da ya fara kai Mena gasar CAN

Ga taƙaitaccen tarihin aikin Haruna Dula, wanda takardu ke rubuta sunansa Harouna Doula Gabde. Shi ne mai horar da ƴan ƙwallon ƙafa ɗan Nijar da ya fara kai ƙungiyar ƙasa, wato Mena, gasar cin kofin Afirka ta CAN, kuma hukumar ƙwallon Afirka CAF ta zaɓe shi gwarzon mai horo na nahiyar a shekarar 2011. Matasa da yawa sun san sunan, amma ba su san yadda abin ya faru ba.

Kama aiki

Dula ya karɓi ragamar Mena a 2009, shekarar da Kanar Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pele, ya zama shugaban hukumar ƙwallon ƙasa FENIFOOT. A lokacin Nijar ba ta taɓa zuwa CAN ba ko sau ɗaya. Sunan Mena na wata irin barewa ce ta sahara, amma a fagen ƙwallo ƙasashen maƙwabta ba su ɗauke ta bakin komi ba. Mafi yawan ƴan wasan da Dula ya samu a gida suke bugawa, cikin ƙungiyoyin Yamai irin su AS FAN, Sahel SC da AS Garde Nationale. Ƴan ƙalilan ne ke waje, wanda ya fi suna cikinsu shi ne mai cin ƙwallo Moussa Maazou.

Gasar CHAN ta 2011

CHAN gasa ce ta ƴan wasan da ke bugawa cikin ƙasarsu kaɗai, ba a kiran na Turai. A 2010 Mena ta haɗu da Najeriya a wasan neman shiga. Ta ci 2 da 0 a Yamai, anka je Kano anka tashi babu ci, Najeriya ta fita. A cikin wannan shekara kuma Nijar ta ɗauki kofin ƙasashen UEMOA da anka buga a Yamai.

An yi gasar CHAN ɗin a Sudan cikin Fabrairu 2011. Mena ta ci Zimbabuwe 1 da 0, ta ci Gana 1 da 0, ta yi 0 da 0 da Afirka ta Kudu, ta wuce zagayen ƙungiyoyi takwas. Nan ta yi 1 da 1 da mai masauki Sudan, sai bugun fenariti ya fidda ta.

Hanyar CAN 2012

Rukunin da Nijar ta faɗa ba mai sauƙi ba ne. Akwai Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010. Akwai Afirka ta Kudu, wadda ba ta daɗe da karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 2010 ba. Akwai kuma Saliyo. Ta ɗaya a rukuni ce kawai ke da tabbacin wucewa.

Ga yadda wasanni shida sunka kasance:

- Satumba 2010, a Nelspruit: Afirka ta Kudu 2, Nijar 0.
- 10 ga Oktoba 2010, a Yamai: Nijar 1, Masar 0. Maazou ne ya ci.
- Maris 2011, a Yamai: Nijar 3, Saliyo 1.
- Yuni 2011, a Firitawun: Saliyo 1, Nijar 0.
- Satumba 2011, a Yamai: Nijar 2, Afirka ta Kudu 1.
- 8 ga Oktoba 2011, a Alƙahira: Masar 3, Nijar 0.

Duk wanda ya duba zai ga sirrin abin: wasa uku a filin Janar Seyni Kunce, nasara uku. A waje kuwa ko ƙwallo ɗaya Mena ba ta jefa ba. Ta ci ƙwallo 6, an ci ta 8.

To ƙaƙa anka yi ta wuce? Ranar ƙarshe, lokacin da Masar ke cin Nijar a Alƙahira, Afirka ta Kudu da Saliyo sun tashi 0 da 0. Ƙasashe uku, Nijar, Afirka ta Kudu da Saliyo, kowace na da maki 9. Ƴan Afirka ta Kudu, ƙarƙashin mai horonsu Pitso Mosimane, sun zaci yawan ƙwallaye za a duba, har sunka kama rawa cikin fili. Amma dokar CAF ta ce in maki ya zo ɗaya, wasannin da ƙasashen sunka yi tsakaninsu ake fara lissafawa. Nijar ta ci kowace a gida, maki 6 ke nan. Sauran biyun kowace ta ci Nijar sau ɗaya, sannan sun yi canjaras sau biyu tsakaninsu, maki 5 ke nan. Da maki ɗaya tak Mena ta shige gaba, Masar mai riƙe da kofi kuwa ta ƙare ta ƙarshe.

Kyautar gwarzon mai horo

Ranar 22 ga Disamba 2011, a birnin Akara na Gana, CAF ta ba Haruna Dula kyautar gwarzon mai horo na Afirka. A wannan dare ne Yaya Toure na Kodebuwa ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa. Ga ƙasar da ba a lissafa ta cikin manyan ƙwallo, ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya faru a Gabon

Gabon da Ikwatoriyal Gini ne sunka ɗauki baƙuncin CAN 2012. Kafin a tafi, FENIFOOT ta ɗauko Bafaranshe Rolland Courbis, tsohon mai horon Bordeaux da Marseille, a matsayin mai ba da shawara. Ranar 23 ga Janairu 2012 a Libarbil, Gabon ta ci Nijar 2 da 0, Pierre-Emerick Aubameyang na cikin waɗanda sunka ci. Bayan wannan wasa ragamar ta koma hannun Courbis, wata ɗaya kacal bayan kyautar Akara.

Canjin bai kawo maki ba. Tunisiya ta ci 2 da 1, kodayake a wasan ne William N'Gounou ya jefa ƙwallon farko da Nijar ta taɓa ci a CAN. Maroko ta ci 1 da 0. Mena ta dawo gida da maki sifili, anka sallami Dula. Daga baya Bajamushe Gernot Rohr, wanda ƴan uwa na Najeriya sunka sani da Super Eagles, ya kai Nijar CAN 2013 a Afirka ta Kudu, inda ta samu makinta na farko, 0 da 0 da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango.

Har yau ana gardama kan wannan lamari a majalisun shayi. Wasu na cewa ƙwarewar Bature ake buƙata a babbar gasa. Wasu na cewa wanda ya yi noma shi ya kamata ya yi girbi, kuma jirgi ɗaya ba ya tafiya da matuƙa biyu. Abin da sakamako ya nuna dai, wasanni biyun da anka buga bayan canjin duk faɗuwa anka yi.

Dawowa da ƴan wasan gida

Dula bai bar ƙwallo ba. Ya sake karɓar ƙungiyar ƴan wasan gida, ya je da ita CHAN ta Kamaru a farkon 2021, inda ta tsaya a zagayen farko. Babbar nasarar ta zo a CHAN ta Aljeriya, wadda anka buga Janairu zuwa Fabrairu 2023. A birnin Oran, Mena ta yi 0 da 0 da Kwango Barazabil, ta ci Kamaru 1 da 0, ta fito ta ɗaya a rukuninta. A zagayen ƙungiyoyi takwas ta ci Gana 2 da 0. A wasan kusa da na ƙarshe Aljeriya ta ci ta 5 da 0, sannan Madagaska ta ci ta 1 da 0 a wasan neman na uku. Nijar ta ƙare ta huɗu, matsayi mafi girma da ta taɓa kaiwa a wannan gasa.

A ƙarshen 2023, bayan tafiyar Bafaranshe Jean-Michel Cavalli, Dula ya riƙe babbar ƙungiyar Mena na ɗan lokaci. Cikin Nuwamba, a wasannin neman shiga gasar kofin duniya ta 2026 da Nijar ta karɓa a Marakesh ta Maroko, Tanzaniya ta ci 1 da 0, Mena kuma ta ci Zambiya 2 da 1. Bayan haka anka naɗa ɗan Maroko Badou Zaki.

Abin da ya shafe mu a Maraɗi

Manyan nasarorin Dula a CHAN da ɗiyan gasar cikin gida anka same su, gasar da ƙungiyoyin Maraɗi irin su Ɗan Kasawa da Jangwarzo sunka taka rawa cikinta. Yaron da ke buga ƙwallo babu takalmi a filin makaranta a Tibiri ko Jiratawa, ta wannan hanya zai bi in har zai sa rigar ƙasa: ƙungiyar unguwa, ƙungiyar gari, gasar ƙasa, sannan Mena. A kowane mataki sai da mai horo wanda ya san aikin, kuma anka bar shi ya yi.

Maraɗi gari ne da ya san darajar gwarzo, shi ya sa filin kokowarmu ke ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, sarkin kokowa na farko a 1975. Masu horar da yaranmu a unguwanni su ma suna buƙatar ƙwallaye, riguna da kuɗin mota in za a je wasa wani gari. Ƴan uwa na waje da ke tambaya da mi za su taimaki matasan ƙauyensu, ga wuri ɗaya. Allah shi ba Mena sa'a, shi kuma raya mana matasanmu.