Bala Miller da 'Yan Pirameeds: Kiɗan da Bai Sami Magaji Ba

Tun daga shekarar 1927, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta rabu biyu a Kafanchan, reshe guda ya hau Jos, guda kuma ya ratsa Zonkwa ya nufi Kaduna, kunnuwan mutanen Fadan Kaje da sauran ƙasar Bajju suka soma sabawa da baƙin sauti iri biyu. Ma'aikatan reluwe 'yan Kudu sun zo da garmaho da fayafayan hailaif, masu ƙaho da jita. Harshen Hausa kuwa, wanda fatake suka daɗe da shigo da shi kasuwanninmu, sai ya sami mazauni na biyu a majami'u, musamman bayan da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Shekaru da dama waɗannan abubuwa biyu suna zaune maƙwabtan juna ba su gauraya ba, har Allah ya kawo wanda ya ɗaura musu aure.

Wannan mutum shi ne Bala Miller, wanda aka haifa a Pankshin a 1928, ɗan wani limamin Kirista mutumin Zariya, daga cikin Hausawan farko da suka karɓi wannan addini. Ya yi karatu a Ikko, ya yi cuɗanya da ma'abuta hailaif irin su Victor Olaiya, sa'an nan aikin kamfani ya komo da shi Arewa. A 1977, shekarar bikin FESTAC, ya tara samari a Kaduna, ya horar da su, ya sa wa ƙungiyar suna Great Music Pirameeds of Africa, suka yi zango a kulob ɗin Costain, inda ma'aikata da 'yan kasuwa da hafsoshi kan taru da dare.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa dattawa da yawa, na masallaci da na majami'a baki ɗaya, sun ɗauki kiɗan kulob a matsayin lagawu, sana'ar wanda ba shi da mafaɗi, kuma ba za a ce ba su da hujja ko kaɗan ba, tun da wurin da ake yin sa ba wurin zikiri ba ne. Amma duk mai adalci da ya saurari waƙarsa ta "Ikon Allah" zai shaida cewa abin da ke cikinta tafakkuri ne a kan ƙudurar Mahalicci, cikin Hausa tsantsa wadda malami a Zariya da mai wa'azi a Kagoro za su ji, kowannensu ya gyaɗa kai. A ganina nan ne falalar Bala take, domin ya nuna cewa harshen nan yana iya hawa kan ƙahonin Turawa ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba, kuma ya yi haka ne a zamanin da shirinsa na talabijin, Bala Miller Show, yake shiga gidajen Musulmi da na Kirista ta tashar NTA, ba mai tambayar addinin mai busa.

To, me ya sa tashen ƙungiyar bai zarce shekarun 1980 da nisa ba? Makaɗin fada yana da ubangida, yana kuma da silsila: Musa Ɗanƙwairo ya gāji mahaifinsa, da ya rasu a 1991 kuma 'ya'yansa suka ɗauki kotso. Makaɗin kulob ba shi da ko ɗaya. Albashi ke riƙe da yaransa, cinikin dare ke riƙe da albashin. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan busa da na amsa-kuwwa, waɗanda duk daga waje ake sayo su, suka gagari mai ƙaramin ƙarfi. A watan Maris na 1987 kuma fitinar da ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta bazu har Zariya da Kaduna, aminci ya raunana, fitar dare ta zama abin tunani. Daga bisani fiyano mai kwaikwayon kowane sauti ya zo, yaro guda a ɗaki ya wadatar da abin da dā sai mutum ashirin. Bala ya rasu a 2003, Allah ya ji ƙansa, ba wanda ya gāji ƙungiyar.

A Ingila, wata ƙungiya mai suna The 101ers shekara biyu kacal ta yi tana kiɗa a mashayun Landan, daga 1974 zuwa 1976, amma an tattara waƙoƙinta an sake buga su, an rubuta tarihinta filla-filla. Mu kuwa fayafayanmu suna warwatse a tsofaffin akwatuna, zafi da ƙura suna cin su. Ina roƙon gidajen rediyo da talabijin na Kaduna, da malaman Jami'ar Ahmadu Bello, da duk wani gida a Zonkwa ko Kafanchan da ke ajiye da faifan Pirameeds ko kaset ɗinsu, da su fito da su a kwafe, a kuma nemi yaran Bala da suka rage a ɗauki bayani daga bakinsu tun suna da rai.